Aron Fuska

Shekara goma sha tara Semisi Taufa, ɗan tsibirin Tonga, ya yi yana saɓa cinyoyin shanu a mayanka, har ranar da kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Likita ya gaya masa in ya ci gaba da ɗaukar nauyi, nan gaba ko cokali sai an riƙa kai masa baki. Shi ne ya koma tuƙi. Ya sa manhajar ɗaukar fasinja a waya, ya goge farar motarsa, ya shiga sahun masu jira a filin da ke bayan tashar jirgin saman Brisbane, inda mutum kan yi awa biyu cikin rana kafin waya ta yi ƙara.

A nan ya haɗu da Parmesh Lal, wani siririn Ba'indiyen tsibirin Fiji wanda bakinsa ba ya hutawa. Ranar farko Parmesh ya ƙwanƙwasa masa gilashi, ya miƙo roti, gurasar Indiyawa, da miyar kabewa.

"Karɓi, ɗan Tonga. Na ga tun ɗazu kana kallon abincina kamar kare a bakin mahauta."

"Wannan ɗan abin? A gidanmu da shi ake goge hannu."

"Shi ya sa kuke kamar firij. A filin ƙwallon rugbi sai girma, ba gudu."

"Kai da iska ta fi ka nauyi, har kana da bakin maganar rugbi?"

Daga ranar suka ƙulla abota. Parmesh yana kiransa Babban Yaya. Ashe ma gidajensu ba nisa, shi a Woodridge, Parmesh a Marsden. Ranar Lahadi Seini, matar Semisi, takan aika musu naman rago da ganyen gwaza da ruwan kwakwa, ita kuma Roshni, matar Parmesh, ba ta taɓa maido kwanon fayau ba.

Shekara uku suna haka, sai haƙori ya kama Parmesh. Ya riƙa jiƙa auduga da man kanumfari yana dannawa a kurmin haƙorin. Wani fasinja ya shaƙi warin, ya rubuta wa kamfani cewa direba na warin giya. Kafin la'asar an rufe masa akawun. Ya nuna wa Semisi saƙon: an dakatar da shi saboda rahoton da ya shafi lafiyar fasinja, kuma hukuncin na ƙarshe ne.

Sau goma sha ɗaya ya rubuta musu. Amsa ɗaya ce take dawowa, sunan da ke ƙasa kawai ke canzawa. Suka je ofishin kamfanin a cikin gari tare, suka tarar da ƙofar gilashi a kulle, an manna takarda cewa duk mai ƙorafi ya bi ta manhaja.

"Giya fa suka ce," in ji Parmesh, suna tsaye a bakin titi. "Giya ce ta kashe babana a Labasa, can Fiji. A gaban gawarsa na rantse, kuma Roshni ta san da rantsuwar. Ta yaya zan kai mata wannan kalma haɗe da sunana?"

"Ka gaya mata gaskiya mana. Ai ta san ka."

"Hawan jininta fa? Babban Yaya, don girman Allahnka kada ta ji. Sati biyu kawai, za su buɗe."

Ba su buɗe ba. Semisi ne da bakinsa ya kawo shawarar. Shi zai yi tuƙi daga asuba zuwa azahar, Parmesh ya zo ya ajiye tasa motar a gindin mangwaron ƙofar gidan Semisi, ya ɗauki farar motar da wayar aiki, ya yi nasa da sunan Semisi har yamma. Fasinjoji ba sa kallon fuskar direba. Sau ɗaya tak wata tsohuwa ta dubi hoton da ke wayarta, ta dubi Parmesh, ta ce, "Bawan Allah, ka rame."

Matsalar ɗaya ce. Lokaci-lokaci manhajar takan tsaya cak, ta fito da wani da'ira, ta ce sai direba ya nuna fuskarsa kafin a ƙara ba shi fasinja. Duk inda Parmesh yake sai ya baro, ya zo Semisi ya leƙa wayar, sannan ya koma. Da farko sau ɗaya a wata ne. Daga baya ya koma kowane mako, har Semisi ya fara jin abin a ransa, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Wata Asabar cikin watan Janairu, da misalin ƙarfe uku, Semisi na coci suna gwajin waƙa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya tsuge. Wayarsa ta yi haske a kan benci, ya ga sunan Parmesh, ya kifar da ita. Ta sake, ya sake kifarwa. A karo na uku ya ja tsaki a ransa, ya rubuta: "Ina coci. Saura minti goma mu tashi. Yi sauri."

Suka tashi, ya tsaya a barandar coci yana jira. Minti goma suka zama awa guda. Sai ɗan sanda ya kira, yana tambaya ko shi ne mai farar mota mai lamba kaza. Motar ta zame a wata kwana kusa da gada, ta shige ƙarƙashin babbar mota. Wanda ke ciki bai kai asibiti ba.

Da Roshni ta tambaye shi, a ranar da aka ƙona gawar, me ya sa mijinta ke cikin motarsa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Tasa ce ta ƙi tashi, ya ari tawa." Ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya. Har godiya ta yi masa.

Sai bayan kwana huɗu ya lura Parmesh ya bar masa saƙon murya tsakanin kira na biyu da na uku. Ya shiga gareji ya kunna. Ana jin ruwa na dukan rufin mota, da ƙarar abin share gilashi.

"Babban Yaya, mutanen nan na neman kyakkyawar fuskarka kuma. Ka wanke ta kafin in iso, kada ka tsorata musu na'ura. Ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tafe."

Ya saurara sau bakwai a tsaye. Bai gaya wa kowa ba, har Seini.

Bayan mako biyu 'yan sanda suka maido masa da wayar aiki a cikin leda, gilashinta ya tsage. Ya sa ta a caji don ya ga ko tana da rai. Tana kawo haske, abin da ya fara fitowa shi ne da'irar nan, tana nan tana jira tun ranar Asabar. Ya daɗe yana kallonta. Da ya ɗaga wayar saitin fuskarsa, sai ta ce, "Mun gode, Semisi. Barka da dawowa." A wurin kamfani babu abin da ya faru. Ba fasinja a motar, ba a kan tafiya take ba, kuma direbansu ga shi nan da ransa.

Ƙanin Seini ya ba shi mota, ya koma aiki, don zama ba ya ciyar da gida. Sai dai aikin ya canza masa. A shafinsa akwai yabon fasinjoji na wata huɗu, kuma duk na yamma ba nasa ba ne. "Semisi akwai barkwanci." "Semisi ya ba ni labarin kakarsa da akuyar da ta ci takardar aurenta, na yi dariya har da hawaye." Mutane sukan karanta kafin su shigo. Wata budurwa ta zauna a baya ta ce, "An ce kana da labarin akuya." Ya kafa ido a titi, ya ci gaba da tuƙi. Ta sauka ta ba shi tauraro uku cikin biyar.

Ga kuma warin. Motar ƙanin Seini ce, Parmesh bai taɓa shigarta ba, amma da rana tsaka, in ya sauke fasinja ya rage shi kaɗai, sai kanumfari ya cika motar. Ya wanke kujeru, ya canza tabarmin ƙafa, ya rataya turare. In hadari ya haɗo da la'asar, sai ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu har ruwa ya wuce. A coci ya daina waƙa, leɓe kawai yake motsawa.

"Misi, ba ka cin abinci," in ji Seini. Ita ta san da aron motar, amma ba ta san da saƙon da ya rubuta ba. "Mutuwa ba kai ka yi ta ba."

"Na sani."

"To me kake ji a gareji kullum da ƙofa a rufe?"

Ya ce rediyo ne.

Cikin watan Afrilu Roshni ta zo gidan da hantsi, da kayan aikinta na wanki a gidan kula da tsofaffi. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta zauna ba, ta miƙa masa takarda.

"Yaya Semisi, karanta mini wannan, ko ni ce Turancina ya gudu. Na rubuta wa kamfanin ne in gaya musu direbansu ya rasu a bakin aiki. Sun ce wai tun watan Satumba ba ya tare da su."

Ya riƙe takardar, rubutun na yawo a idonsa.

"Wata huɗu," ta ce. "Kullum ya yi wanka, ya taje kai, in ɗaure masa roti, ya fita ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Ina yake zuwa? Kai ne amininsa. Mace ce?"

"Haba ƙanwata."

"In mace ce ka gaya mini. Na gaji da yi wa mutumin da ban sani ba kuka. Jiya na sauke hotonsa daga bango, na kife shi a cikin durowa."

Saura kaɗan ya faɗa mata gaskiya. Sai ya tuno aron akawun laifi ne da kamfani ba ya yafewa, ya tuno takardar izininsa ta ɗaukar fasinja, da kafaɗar da ba za ta ƙara ɗaukar komai ba. Can ƙasan waɗannan duka kuma ga kalmomi biyu, yi sauri.

"Wataƙila kuskure suka yi," ya ce. "Kin san na'ura."

Ta dube shi, ta karɓi takardarta, ta tafi. Seini na tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da gwaza a hannu. Ranar dai a ɗakin jikokinsu ta kwana.

A makon da ya biyo baya ne wata mata mai suna Noelene, daga ƙungiyar ma'aikatan sufuri, ta fara zuwa filin jira. Tsohuwar direbar bas ce mai furfura, muryarta kamar ta shanye hayaƙi. Ta ce kwamitin majalisa zai zauna a gari ya saurari direbobi, a kan ko a yi dokar da za ta hana kamfani rufe mutum ba tare da an ji ta bakinsa ba. Tana neman masu ba da shaida.

Dilbag, wani Ba'indiye Basikhe mai shuɗin rawani wanda ya fi kowa daɗewa a filin, ya tuntsire da dariya.

"Uwa, mun gode. Na yi tasi shekara goma a ƙarƙashin dokar gwamnati, na san ɗanɗanonta. Yau su ce a saurare ka, gobe su ce awa takwas ka tafi gida, jibi su ce sai ka sa yunifom. Ni wannan wayar nake kunnawa in na ga dama, in kashe in na ga dama. Ranar bikin 'yata ban nemi izinin kowa ba."

"Ranar da suka kashe maka ita fa, izinin wa za su nema?" in ji Noelene.

"Shekara bakwai ba su kashe ba. Wanda ya tsare mutuncinsa ba a taɓa shi."

"Parmesh bai tsare nasa ba ke nan?"

Sai da maganar ta fita Semisi ya gane shi ya yi ta. Duk aka juyo. Dilbag ya sauke kofin shayinsa.

"Wane Parmesh? Ai shi cewa ya yi ya bar layin filin jirgi, ya koma ɗaukar 'yan unguwa."

Semisi ya shiga mota ya ja ƙofa. Noelene ta biyo shi, ta saƙala katinta a ƙarƙashin abin share gilashi.

Washegari bai kunna manhaja ba. Ya tafi Marsden da safe, ya tarar da Roshni a bayan gida tana shanya. Bai bari ta kawo masa kujera ba. A tsaye, tsakanin zannuwan gado masu ɗiga, ya faɗa mata komai: haƙorin, man kanumfarin, kalmar giya, wasiƙu goma sha ɗaya, gindin mangwaro, da'irar. Ya gaya mata sau biyu ya kifar da waya. Ya nuna mata abin da ya rubuta.

Ta karanta, ta maido masa da wayar.

"Akwai muryarsa," ya ce. "In kina so."

Ta zauna a kan kwandon wanki da ta kifar, ya kunna. Da aka zo wurin "ka wanke ta kafin in iso" sai dariya ta kufce mata, dariyar ta juye ta zama wani sauti da Semisi bai taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya tsaya kamar an dasa shi.

Da ta natsu ta ce, "Ruwan sama ba kai ka aiko shi ba. Kwanar nan ma ba kai ka gina ta ba. Wannan ban riƙe ka da shi ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Amma na zo har gidanka na tambaye ka ko mace ce. Ka kalli idona ka bar ni na tafi da ita. Kwana tara ina zagin mijina a cikin zuciyata, yana toka. Wannan naka ne, Yaya Semisi."

"Nawa ne."

"Turo mini muryar. Sannan ka tafi."

Zaman kwamitin a wani ɗaki aka yi mai sanyin na'ura, a hawa na shida. Noelene ta gargaɗe shi tun a ƙasa cewa lauyoyin kamfani za su kasance a wurin, kuma ba ta da ikon kare shi. Ya sa baƙar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗaura tabarmar kugu irin ta makokin 'yan Tonga. Minti biyar aka ba shi. Ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan Parmesh Lal, ya maimaita shi a hankali don mai rubutu.

Wani ɗan majalisa mai tabarau ya ce, "Malam Taufa, ka san abin da kuka yi ya jefa fasinjoji cikin haɗari? Mace ta shiga mota tana zaton ta san wanda ke tuƙa ta, alhali ba shi ba ne. Ai don irin wannan kamfani ke duba fuska."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Mun yi laifi."

"To me kake so doka ta yi?"

Semisi ya dubi mai tabarau.

"Ni ban san doka ba. Na san dai da an samu mutum ɗaya, mai hanci, ya ce masa buɗe bakinka in shaƙa, da a ranar an gama maganar."

Wani a baya ya fara dariya, ya haɗiye ta. Wata mata cikin lauyoyin ta rubuta wani abu a takarda. Aka kira na gaba, wani ɗalibi ɗan Nepal, wanda ya roƙi kwamiti kada a yi dokar da za ta sa kamfani ya rage direbobi, don da wannan aikin yake ci.

Bayan kwana biyu aka rufe akawun ɗin Semisi. Saƙon iri ɗaya ne da na Parmesh, dalilin kawai aka canza. Hukumar sufuri ma ta aiko masa da tata wasiƙar a kan takardar izininsa. A filin jira aka rabu biyu a kansa, wasu na cewa namiji ne, wasu na cewa ya tona asirin duk masu aron akawun, don tun daga makon da'irar ta koma fitowa kullum. Dilbag ya kira shi sau ɗaya.

"Tsoho, ka jawo mana. Har yanzu ban yarda da dokarku ba." Ana jin jirgi na tashi a bayansa. "Surukina na neman mai gadin ƙofa a kasuwar kayan lambu. Zama ne kawai da ɗaga sanda. In ce kana zuwa?"

Ya karɓa. Maganar doka kuwa ta ci gaba da yawo tsakanin majalisa da jaridu, yau a ce ta kusa, gobe a ce an ɗage. Ya daina bi.

Roshni ba ta ƙara kiransa ba. In sun haɗu da Seini a kanti sukan gaisa, iyakarta ke nan. Sai da Janairu ta zagayo, wata safiya, saƙo ya shigo wayar Seini: ranar Lahadi za a yi addu'ar cika shekara, ƙarfe goma, su zo su biyu.

Suka tarar an kafa rumfa a bayan gida, malamin addininsu na zuba man shanu a wuta yana karatu, hayaƙi na tashi. Semisi ya samu kujerar ƙarshe kusa da shinge ya zauna, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Akwai dangi da suka zo daga Sydney da Auckland, ya ga wasu na nuna shi da haɓa.

Da aka gama, mata suka fara fito da abinci. Roshni ta ratso mutane sanye da farin sari, lafayar matan Indiya, ta tsaya a kansa.

"Ban huce ba," ta ce. "Kada ka ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba, ƙanwata."

"'Yan'uwansa maza ne ke raba abinci yau. Biyu ne suka samu zuwa, ba su isa ba." Ta nuna wata babbar tukunyar miyar wake a bakin ƙofar kicin. "Ka fara daga tsofaffi. Ludayi ɗaya-ɗaya, kada ka cika musu, ba 'yan Tonga ba ne."

Ya tashi ya ɗauki tukunyar, ya nufi layin farko. Wani tsoho mai sanda ya miƙo faranti, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Kai kuma wane ne a gidan nan?"

Semisi ya zuba masa miyar, ya matsa gaba.